Amsar Tambaya: Me Ya Sa Jirgi Mai Kujeru Huɗu Kan Bar Fasinja a Ƙasa?

Yawan kujeru ba shi ne ke nuna abin da ƙaramin jirgin sama zai iya ɗauka ba. Cessna 172S, alal misali, iyakar nauyinsa wajen tashi kilo 1,157 ne, kuma jirgin shi kaɗai ya kai wajen kilo 760. Idan aka cika tankunansa, man zai cinye kusan kilo 144, sai ya rage saura kilo 250 ko kusa da haka na matuƙi da fasinjoji da jakunkuna. Manya huɗu ba za su shiga wannan lissafi ba sai an rage mai.

Inda aka ɗora nauyin ma abin lura ne. Kaya suka yi yawa a baya, hancin jirgin zai riƙa ɗagawa. A wannan hali, idan fikafikai suka rasa ɗaukar iska, dawo da jirgin kan hanya yakan yi wuya. Kayan suka taru a gaba kuwa, ɗaga hanci wajen tashi da sauka sai da ƙyar.

Zafin rana ma yana ƙara tsawon titin da jirgi ke buƙata, balle idan ya yi nauyi. Don haka fasinjan da matuƙi ya tambayi nauyinsa, ya faɗi gaskiya.