Bayan Ƙura Ta Lafa a Falgore

'Ya'yana samarin Doguwa da Tudun Wada, ku ba ni aron kunnuwanku.

Da yawanku kun taso kuna jin labarin shekarun da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka mai da dajin Falgore gidansu, har direban hanyar Kano zuwa Jos ba ya yarda magariba ta riske shi a ciki. A 2017 sojoji suka mai da dajin wurin atisaye, matafiya suka ɗan sami sa'ida. Alhamdu lillahi. Sai dai gidajen da aka karya, da yawa har yau ba su miƙe ba.

Ku dubi magidancin da aka kore wa shanun huɗa. Damina ta faɗi, maƙwabta sun shiga gona, shi ga garma jingine a zaure, ba abin da zai ja ta. Wani kuma gonar gado ya sayar ya fanso ɗansa. Yaro ya dawo, uban kuwa ƙwadago yake yi a gonar da ya gada. Mai irin wannan talaucin ba ya roƙo, kunya ke rufe masa baki. Ku za ku neme shi. In kun gama huɗarku, ku kora shanu gonarsa ku yi masa gayya. Fulanin Nijar suna da al'adar habbanaye: a ba wanda ya rasa dabbobi aron karsana, in ta haihu ya riƙe 'ya'yan, ya mayar da uwar. Wannan bai fi ƙarfinmu ba, ko da akuya ce.

Abin da ya fi damuna kuwa, ku ne 'yan sintiri. Kada zafin zuciya ya mai da ku alƙalai. Bafulatanin da ya kawo sa kasuwa bai zama ɓarawo ba don yana Bafulatani. Garken da aka kora ai galibi na Fulani ne. A Zamfara, kisan da 'yan sa-kai suka riƙa yi ba shari'a ya ƙara rura wutar da har yanzu ba ta mutu ba. Duk wanda kuka kama, ku sanar da dagaci, ku miƙa shi ga 'yan sanda da ransa da lafiyarsa. Haƙƙinsa ne alƙali ya saurare shi, ko da igiyar kuka gani a hannunsa.

Matar da aka sako daga daji ma, ku kame bakinku a kanta. Iyayenku mata su shiga su gaishe ta, a kira ta biki da suna kamar da, kada kowa ya tambaye ta abin da ya faru a can.