Kafin ka sauya wa tocilarka ƙwai

Masu haɗa tocila da hannunsu sukan ruɗu da adadin lumen da aka rubuta a kwali. Za ka ga ɗan ƙaramin ƙwan LED an ce yana ba da lumen 5,000, alhali Cree XM-L2, wanda ya yi suna, iyakarsa kusan 1,000 ne. Mai irin wannan alkawari kuɗinka kawai yake so.

Fara da duba ma'auni. Yawancin ƙwayayen da ake zurawa kai tsaye samfurin P60 ne, faɗinsu milimita 26.5, irin na tocilar SureFire 6P.

Sai ƙarfin wuta, kuma a nan ne ake yawan yin asara. Batirin 18650 guda ɗaya yana kai volt 4.2 idan ya cika, CR123A guda biyu kuwa volt 6 ne. Ka ɗora ƙwan da aka yi wa batiri ɗaya a kan CR123A biyun nan, zai iya ƙonewa.

Zafi ma abin lura ne, domin ƙwan ba ya manne wa jikin tocila sosai. Naɗe gindinsa da siririn fallen alminiyam ko na jan ƙarfe har ya shiga daram, zafin ya samu hanyar fita. Ka zaɓi ƙwai mai matakan haske, kada kullum ka bar shi a ƙololuwa.

Ni dai na fi son haske mai ɗan ruwan ɗorawa, wajen 4,000K a ma'aunin launin haske. Lokacin hunturu, fari fat ɗin nan ƙura yake haskawa, ya dawo maka cikin ido.