Yadda Ake Ƙera Wuƙa a Ƙaramar Maƙera ta Gida

Wuƙa mai kyau daga ƙarfe mai kyau take fitowa, kuma abin da ke sa ta riƙe kaifi shi ne yadda aka gasa ta, aka kuma sanyaya ta a ƙarshen aiki. Dukan guduma siffa kawai yake bayarwa. A ƙasar Hausa ƙira sana'ar gado ce, yaro yakan fara da zuga a gaban mahaifinsa kafin a bar shi ya taɓa masaɓa. A Amurka da Turai kuwa, inda masana'antu suka daɗe da karɓe aikin maƙera, ƙirar ta dawo a matsayin abin sha'awa: malamin makaranta ko ma'aikacin ofis ya keɓe wani lungu a garejinsa, ya riƙa hura wuta ranar hutu. A 1976 Bill Moran da wasu abokansa suka kafa ƙungiyar maƙeran wuƙa ta Amurka, sannan shirin talabijin na Forged in Fire, wanda aka fara nunawa a 2015, ya ƙara jawo mutane cikin harkar. Ko a gareji ko a rumfar kasuwa, halin ƙarfe a cikin wuta ɗaya ne.

Wurin aiki shi ake fara shiryawa. Ana son fili mai iska, rumfa ko zaure mai buɗaɗɗen gefe, domin gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, kuma a rufaffen ɗaki tana kisa. Daɓen ya zama ƙasa ko siminti, a kawar da kara da fetur da tsummoki, a ajiye bokitin ruwa da na yashi kusa. Tufafin auduga ake sawa, don yadin roba narkewa yake yi ya manne a fata. Tabarau na kare ido dole ne.

Murhun ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Rami ne ɗan ƙarami da aka shafe da yumɓu, ko 'yan tubalan da ke jure wuta, da bututun ƙarfe da ke kai iska ƙarƙashin garwashi. Iskar na iya fitowa daga zugazugin fata, ko fanka mai juyawa da hannu, ko ma na'urar busar da gashi. Kada bututun ya zama irin wanda aka shafe da tutiya, kamar tsohon bututun ruwa, saboda hayaƙin tutiya yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Gawayin itace mai tauri ake nema, kuma maƙeran Hausa sun daɗe da fifita na ƙirya saboda zafinsa da daɗewarsa. A farfasa shi ya zama kamar girman goro. Masu hali sukan sayi murhun gas, wanda ya fi tsabta da sauƙin daidaitawa. Uwar maƙera kuwa, idan ba a sami ta ainihi ba, duk wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi da shafaffiyar fuska zai yi, kamar kan babbar guduma da aka kafe a kututture. Tsayinta ya zo daidai dunƙulen hannun mutum idan yana tsaye ya saki hannunsa ƙasa. Guduma mai nauyin kilo 1 ta isa. Wadda ta fi haka gajiyar da sabon hannu take yi, dukan ya riƙa karkacewa. Sai awartaki mai kama ƙarfe gam, da bayis, da magagari, da maganaɗisu.

Zaɓen ƙarfe shi ne wurin da mafi yawan masu koyo suke tafka asara. Abin da ke sa ƙarfe ya taurare shi ne sinadarin kabon da ke cikinsa, kuma wuƙa tana son wanda kabon ɗinsa ya kai tsakanin 0.6 da 1 cikin ɗari. Rodin gini da ƙarfen da masu walda ke yin ƙofa da shi ba su dace ba. Za su ba da siffar wuƙa, amma bakin zai lanƙwashe tun a yankan farko. Inda ake sayar da ƙarfe da lamba, masu koyo sukan ɗauki 1084, wanda kabon ɗinsa ya kai kusan 0.84 cikin ɗari, domin yana taurarewa ba tare da wahala ba. Inda babu wannan, sai a nufi 'yan gwangwan a nemi sifirin ɗin mota, wanda galibi ake yi da ƙarfe irin 5160 ko danginsa, ko kuma tsohon magagari. Tsohon sifirin yana da aibu ɗaya: shekarun da ya yi yana ɗaukar kaya sukan bar masa ƙananan tsaga da ido ba ya gani sai bayan an gama wahala. Don haka ake gwada guntu tukuna. Idan aka ɗora shi a giranda, ƙarfe mai kabon yana fitar da tartsatsi mai rassa masu fashewa, marar kabon kuwa dogayen layuka kawai yake zubarwa. Gwajin da ya fi tabbaci shi ne a gasa guntun ya yi ja, a tsoma a ruwa, a ɗaure a bayis a buga. In ya karye kamar tangaran, zai yi wuƙa. In ya lanƙwashe, a nemi wani.

Wuƙar farko gara ta zama ƙarama, ruwanta kamar santimita 10, ƙotarta kamar 11. Ana yanko ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6, a tura shi tsakiyar garwashi, a yi zuga har ya wuce ja ya koma ruwan lemo mai haske, wato zafin da ya kai digiri 900 zuwa 1,100 a ma'aunin Salshiyas. A wannan launi ake duka. Da zarar ya dushe ya koma ja mai duhu, sai a mayar da shi wuta, domin dukan ƙarfe mai kabon bayan ya huce yana tsaga shi ta ciki. Wuce gona da iri ma ɓarna ne: in ƙarfe ya yi fari ya fara tartsatsi a cikin wuta, ya ƙone, kuma wurin da ya ƙone sai dai a yanke a yar.

Tsini ake fara fitarwa. Ana tsayar da ƙarfen a kan gefensa, a bugi kusurwar ƙarshe tana shigewa ciki, a kwantar a daidaita kaurin da ya taru, a sake tsayarwa, har ƙarshen ya tsuke. Daga nan sai wutsiya, wato ɓangaren da ke shiga ƙota. Bayan haka ake zuwa kan baki, inda ake ɗan karkata ƙarfen a kan uwar maƙera, a bi gefe ɗaya da duka daga gindi zuwa tsini, a juya a yi wa ɗaya fuskar daidai adadin dukan da aka yi wa ta farko. Nan wani abu yake faruwa da ke ba sabon maƙeri mamaki. Yayin da baki ke sirancewa yana kuma ƙara tsawo, bayan wuƙar kuwa yana nan yadda yake, sai ruwan ya gantsare baya kamar lauje da aka juya. Gwanaye sukan lanƙwasa ƙarfen zuwa wajen baki tun kafin su fara, yadda dukan zai miƙar da shi da kansa. Wanda bai yi haka ba sai ya kifa bayan wuƙar a kan kututture, ya daidaita da gudumar katako don kada bakin ya lotsa. Ɓawon da ke zubowa daga ƙarfe a riƙa share shi daga fuskar uwar maƙera, in ba haka ba guduma za ta nutsa shi cikin wuƙar ya bar ramuka.

Ƙarfen da ya sha wuta da duka yakan fito da ƙwayoyin cikinsa manya, ga kuma gajiya da ba ta rabu daidai ba. Ana gyara wannan da gashi uku: a kai shi ja, a fitar a bar shi ya huce a iska har ya yi baƙi, a maimaita, kowane karo zafin ya ɗan gaza na baya. Wanda ya tsallake wannan mataki yakan ga wuƙarsa ta karkace ko ta karye daga baya. In ana son ƙarfen ya yi laushi sosai don magagari ya ci, sai a gasa shi a binne cikin toka ya kwana.

Washegari aikin gyaran siffa ne da giranda ko magagari. A daidaita baya da ciki, a fitar da gangaren baki, a huda ramukan ƙusa a wutsiya tun yanzu, domin bayan an taurara ba ta huduwa cikin sauƙi. Ba a wasa bakin a wannan lokaci. Ana barin masa kaurin kamar milimita 1, saboda siririn baki yana ƙonewa a wuta, yana kuma murɗewa a cikin mai. Zurfafan zane-zanen da giranda ta bari a goge su da sampefa, don daga irinsu tsaga ke farawa.

Taurarawa ita ce zuciyar aikin, kuma 'yan daƙiƙoƙi ne kawai. An fi yin ta a inuwa ko bayan faɗuwar rana, domin a hasken rana ƙarfen da ya yi zafi fiye da kima yakan yi kamar bai ko yi ja ba. Ana zuba mai a gwangwanin ƙarfe mai zurfi da murfi, man gyaɗa ko wani man girki, a ɗumama shi zuwa kamar digiri 50 ta hanyar tsoma wani guntun ƙarfe mai zafi. Ɗumin yana sa man ya tsinke, ya fi saurin janye zafi. Baƙin mai na mota, duk da cewa wasu suna amfani da shi, hayaƙinsa yana da illa. Ruwa kuwa yana sanyaya ƙarfe da gaggawar da siririyar wuƙa ba ta cika jurewa ba. Sau da yawa ƙarar "ƙyas" ake ji, a fito da ita a tsage.

Ana gasa ruwan wuƙar a hankali, baya a ƙasa wajen garwashi, ana kai da komowa da ita don kada tsini ya riga sauran jiki yin zafi. Lokaci-lokaci a taɓa ta da maganaɗisu. A digiri 770 ƙarfe yake daina kama maganaɗisu, kuma wannan ita ce alamar da maƙerin gida yake dogara da ita a madadin ma'aunin zafi. Abin da ake nema yana gaba kaɗan, tsakanin 800 da 830, don haka in maganaɗisu ya saki sai a ƙara ɗan lokaci har launin ya ƙara haske kaɗan, ya kuma zama iri ɗaya daga gindi zuwa tsini. A wannan zafi kabon ya narke ya bazu cikin ƙarfen. Idan aka bar shi ya huce a hankali, kabon zai koma mazauninsa, ƙarfen ya yi laushi. Idan aka sanyaya shi farat ɗaya, kabon zai maƙale inda yake, ya ɗaure ƙwayoyin ƙarfen tamau, kuma wannan ɗaurin shi ne taurin. Saboda haka daga wuta zuwa mai ba a ɓata ko daƙiƙa biyu. Ana tsoma ta a miƙe, tsini a gaba, a riƙa motsa ta sama da ƙasa. Kaɗa ta gefe da gefe yana sa fuska ɗaya ta riga ɗaya sanyi, wuƙar ta karkace. Man yakan kama da wuta a sama. Kada a sunkuya a kansa, kuma murfi ake rufawa ya mutu, ba a zuba ruwa. Bayan ta huce sai a goga magagari a baki. In ya zame yana ƙara kamar a kan kwalba, ta taurare. In ya ci, sai a sake gashi.

A wannan hali wuƙar tana da tauri amma ba ta da juriya, ko faɗuwa ta yi a siminti tana iya karyewa. Shi ya sa ba a bari ta kwana ba tare da an sassauta ta ba. Ana wanke man, a sa ta a obin na girki a kan digiri 200 na awa biyu, a fitar ta huce, a sake wasu awa biyu. Wanda ba shi da obin sai ya goge fuskar wuƙar ta yi haske, ya gasa wani kakkauran ƙarfe, ya ɗora bayanta a kai yana kallo. Launuka za su taso daga baya suna gangarowa zuwa baki: na farko kamar busasshiyar ciyawa, sai ruwan zuma, sai shunayya, sai shuɗi. Da zarar launin ciyawar ya isa baki, a tsoma a ruwa a tsayar da shi. Wannan hanya ma tana da wata fa'ida, domin baya yakan fi baki laushi, wuƙar ta ƙara juriya. Shuɗi yana fitowa wajen digiri 300, kuma bakin da ya kai nan ya zama sifirin, ba zai riƙe kaifi ba. Irin wannan ɓarna tana iya faruwa a giranda lokacin gyaran ƙarshe, don haka a riƙa tsoma wuƙar a ruwa bayan kowane shafi, a kuma riƙe ta da hannu tsirara don a ji ɗuminta.

Ƙota ana yin ta da busasshen itace mai tauri irin su maɗaci, marke ko ƙirya, wasu kuma da ƙaho. In wutsiyar mai faɗi ce, sai a yanko fale-falen katako biyu, a huda su daidai da ramukanta, a shafa gam mai haɗi biyu irin Araldite, a zura ƙusoshin tagulla, a matse a bayis ya kwana. In siririya ce, katako ɗaya ake hudawa a cusa ta ciki da gam. Sannan a sassaƙe, a goge da sampefa har ta zauna a hannu, a shafa mai. A naɗe ruwan wuƙar da tsumma ko takarda yayin wannan aiki.

Wasawa ce ta ƙarshe. Ana kwantar da bakin a kan dutsen washi da karkatar digiri 15 zuwa 20 a kowace fuska, a fara da dutse mai kaushi, a yi ta gogawa har yatsa ya ji wani siririn leɓe ya fito a ɗaya gefen tun daga gindi har tsini. Sai a juya a yi haka, a koma dutse mai laushi, a ƙarasa a kan fata don cire leɓen. Wuƙar da ta wasu tana yanka takarda ba tare da yagewa ba. A jarrabawar ƙungiyar maƙeran wuƙa ta Amurka, wuƙa sai ta yanke igiya mai lilo da sara ɗaya, ta datse katako, ta aske gashin hannu bayan haka, sannan a ɗaure ta a bayis a lanƙwasa zuwa digiri 90 ba tare da ta karye ba. Wuƙar gida ba ta buƙatar wannan, ya isa a sassare busasshen itace da ita a duba bakin: in ya ɓantare, tauri ya yi yawa, a ƙara zafin obin kaɗan a sake sassautawa, in ya lanƙwashe, taurin bai isa ba.

Ƙarfe mai kabon yana tsatsa, kuma albasa ko lemon tsami suna canza masa launi zuwa toka-toka, wanda ba aibu ba ne. Bayan amfani a wanke, a share, a shafa ɗan mai. Kube na fata, ko na baduku ko wanda aka ɗinka a gida, yana riƙe danshi, don haka in za a ajiye wuƙar ta daɗe, musamman da damina, a zare ta a naɗe a tsumma mai mai.