Yadda Ake Cin Kofin Challenge, Kamar Yadda Sheffield Ta Yi a 1998

A arewacin Ingila, zari-ruga mai 'yan wasa 13 na da kofin da ya fi kowanne daɗewa, wato kofin Challenge, wanda Batley ta fara ɗauka a 1897. Tsarinsa sili-ɗaya-ƙwale ne: aka doke ka, sai baɗi.

Ƙanana ke buɗe fage. Tun sanyi bai saki ba, ƙungiyoyin garuruwa ke fara fafatawa, mutanen da ke zuwa aiki da safe su yi atisaye da daddare. Bayan kowane zagaye sai a zuba ƙwallaye masu lamba a jaka a zaro. Wanda aka fara zarowa, a gidansa za a buga. A kakar 1998 sai a zagaye na huɗu manyan ƙungiyoyi suka shigo, kuma a nan ne Egremont, 'yan wani ƙaramin gari a Cumbria, suka fitar da ƙwararrun Workington. Wannan mataki na fi so a gasar duka, domin jakar ba ta san babba ba.

Sheffield Eagles, wadda aka kafa a 1984, ta bi ta kan Leigh, ta lallasa Egremont ɗin, ta fitar da Castleford. Wasan kusa da na ƙarshe kuwa ba a yin sa a gidan kowa, saboda haka a Headingley ta tsallake Salford da ƙyar, 22 da 18.

Daga nan sai Wembley, inda aka fara kai wasan ƙarshe a 1929. Ran 2 ga Mayu Sheffield ta tarar da Wigan, wadda ta riƙe kofin shekara takwas a jere, daga 1988 zuwa 1995. Kowa ya riga ya yanke hukunci, ban da kocin Sheffield John Kear da yaransa.

Minti 80 ake yi. Dire ƙwallo a bayan layin abokan hamayya maki huɗu ne, bugun da ke biyo baya biyu. Ana fara wasa Mark Aston na Sheffield ya cilla ƙwallo sama wajen kusurwa, Nick Pinkney ya yi tsalle ya cafe, ya dire. Matt Crowther da Darren Turner suka ƙara. Sauran aikin na ƙafaɗa ne, kamawa da kayarwa, har Wigan ba ta samu tsallake layi ba sai sau ɗaya, ta hannun Henry Paul. Aka tashi 17 da 8.

'Yan jarida suka zaɓi Aston gwarzon wasa, ya karɓi kambun Lance Todd. Kyaftin Paul Broadbent ya hau matakala 39 na tsohon Wembley, ya ɗaga kofin a gaban mutum sama da 60,000.