Darasi na 12: Hanyoyin da Kalmomin Turanci Su Ke Bi

To jama'a, yanzu kun san baƙaƙe da wasula, kuna rubuta sunayenku, kuna kuma karanta wasiƙa da Hausa. Madalla. Amma ba kowace takarda da ta shigo ƙauye a ke rubutawa da Hausa ba. Rasit, da takardar bashin taki, da kwalbar magani, da allon bakin hanya, galibi da Turanci su ke, gama shi ne harshen aikin gwamnati a Nijeriya da Gana. Wanda ya dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba, yana iya ɗaukar bashin da bai ci ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Kada yawan kalmomin Turanci ya ba ku tsoro. Kun riga kun san wasu, don kuwa tebur, da bokiti, da mota, da direba, da tikiti, da banki, duk daga Turanci muka aro su. Haruffansa 26 ne, yawancinsu kun gan su a boko. Sai dai ba kullum a ke faɗin kalma yadda aka rubuta ta ba: one a kan ce "wan", two kuwa a ce "tu". Saboda haka malam zai riƙa faɗa, ku kuna binsa.

Babban abin lura shi ne yadda a ke jera kalmomin. Ga hanyoyi shida waɗanda za ku riƙa gamuwa da su kullum.

1. Mai yi, da aikin, da wanda aka yi wa

A nan Turanci da Hausa hanyarsu ɗaya. Mai yin aiki shi ke gaba, sai aikin, sa'an nan wanda aikin ya faɗa wa.

The trader paid the farmer. Ɗan kasuwan ya biya manomin.
The farmer paid the trader. Manomin ya biya ɗan kasuwan.

Ku duba da kyau. Kalmomin ba su sake ba, wurin zamansu ne ya sake, amma kuɗin ya koma wani aljihu dabam. In an ba ka takarda, fara neman wanda aka sa a gaba, shi ne mai yin.

Ƙaramar kalman nan the tana nuna abin da aka riga aka sani, kamar yadda mu kan ce "manomin" ko "gonar". He shi ne "shi", she ita ce "ita", I kuwa "ni". Amma you ta haɗa kai, da ke, da ku gaba ɗaya.

2. Ɗaya da yawa

Hausa tana da hanyoyi barkatai na nuna yawa: buhu buhuna, gona gonaki, akuya awaki. Turanci ya fi sauƙi a nan, yawanci s kawai a kan ƙara a ƙarshe. Lambar kuma gaba ta ke zuwa, ba baya ba.

one bag, buhu ɗaya. Two bags, buhu biyu
one goat, akuya ɗaya. Five goats, awaki biyar

Akwai kaɗan da su ke bin tasu hanya, sai a haddace su: man namiji, men maza, woman mace, women mata, child yaro, children yara.

3. An yi, ko za a yi

In aiki ya riga ya wuce, sau da yawa kalmar ta kan ƙare da ed ko d. In kuwa bai zo ba tukuna, sai a sa will a gabanta.

I planted maize. Na shuka masara.
I will plant maize. Zan shuka masara.
I paid. Na biya.
I will pay. Zan biya.

Takardar da aka rubuta paid shaida ce an biya. Wadda aka rubuta will pay kuwa alkawari ne kawai, kuɗi bai shiga hannu ba. Kada ka saki buhunka don alkawari kana tsammani biya ne.

Wasu kalmomin su kan sake kama gaba ɗaya: sell sayar, sold an sayar; buy saya, bought an saya; go tafi, went an tafi.

4. Kalmomin hani da musu

Wannan ita ce hanyar da ta fi kowace muhimmanci. Mu a Hausa mu kan sa "ba" gaba da baya, mu ce "ba su biya ba", sai ido ya gan ta sau biyu. A Turanci kalma guda ce, not, mai haruffa uku, ta kan shige tsakiyar magana ta juya ta duka.

I have received the money. Na karɓi kuɗin.
I have not received the money. Ban karɓi kuɗin ba.

In ba a ba ka kuɗi ba, kada ka sa hannu ƙarƙashin layi na fari, ko da an ce maka gobe za a kawo. Haka kuma un a farkon kalma ta kan juya ta: paid an biya, unpaid ba a biya ba.

In ka ga do not, ko don't, ko no a farkon rubutu, to hani ne, wato "kada" ko "an hana".

Do not drink. Kada a sha.
No entry. Ba shiga.
No smoking. An hana shan taba.
Not for sale. Ba na sayarwa ba ne.

Wannan na ƙarshe a kan rubuta shi a jikin kayan da a ke rabawa kyauta, kamar gidan sauro. In wani ya nemi kuɗinka a kansa, ka san ba daidai ba ne. Ku haddace waɗannan biyu kuma: danger haɗari, poison guba. In kun ga poison a jikin maganin ƙwari, ku ajiye shi nesa da yara da abinci.

5. Umurni

In magana ta fara da kalmar aiki, ba a ambaci mai yi ba, umurni ne, kamar yadda mu kan ce "tsaya" ko "zo".

Stop. Tsaya.
Sign here. Sa hannu nan.
Take one tablet three times a day. Sha ƙwaya ɗaya sau uku a rana.
Take three tablets once a day. Sha ƙwaya uku sau ɗaya a rana.

Ku dubi biyun nan na ƙarshe. Duka ƙwaya uku ne a rana, amma shansu ba ɗaya ba ne. Lambar da ke gaban tablet ita ce yawan ƙwaya, wadda ke gaban times ita ce "sau nawa". Once sau ɗaya, twice sau biyu. Before food kafin cin abinci, after food bayan an ci. In ka yi shakka, koma wurin likita ko malamin asibiti ya bayyana maka. Magani ba a yi masa ƙila.

6. Tambaya

Kalmomin tambaya yawancinsu da wh su ke farawa, kuma a gaba su ke zama: who wa, what me, where ina, when yaushe, why don me. How much ita ce "nawa" ta kuɗi, how many kuwa "nawa" ta abin da a ke ƙirgawa ɗaiɗai.

How much is it? Nawa ne?
How many bags? Buhu nawa?
What is this paper? Wace takarda ce wannan?

Ku riƙe ta ƙarshen nan sosai. Ba abin kunya ba ne mutum ya tambaya kafin ya sa hannu. Matambayi ba ya ɓata.

Aikin yi

1. Juya wannan da Hausa: The driver paid the boy. Wa ya karɓi kuɗi?
2. Rubuta da Turanci: awaki biyu, buhu biyar.
3. Mene ne bambancin I sold da I will sell?
4. Sa not a inda ya dace: I have received the bags.
5. Mai magani ya rubuta Take two tablets twice a day. Ƙwaya nawa za a sha a rana?

Kafin ranar aji mai zuwa, kowa ya nemo tsohon rasit, ko kwalin magani, ko buhun taki a gidansa. Ya ja layi ƙarƙashin kowace not, da no, da lambar da ya gani. Ku kawo su aji, za mu karanta tare ɗaya bayan ɗaya.