Motar Kara

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan ƙasar Ruma, watau Batsari, ko na ƙasar Safana bayan an gama girbi, lalle ya ga yara zaune gindin rumbu suna feƙe karan dawa. Su ɓare bayansa, su sassoka a tsakiyarsa mai taushi, su yi ƙafafu da sakaina, kafin la'asar sai ga mota sosai har da mazaunin direba. Ba wanda ya zana musu ita a allo. To, abin da ya kamata mu masu koyon aikin malanta mu tambayi kanmu shi ne: ina hikimar nan take zuwa ranar da yaron ya shiga aji? Gama sau da yawa yaron da ya ƙera mota da safe, in ya zauna gabanmu ba ya iya kome sai maimaita abin da muka faɗa. Mukan ce ya yi ƙoƙari, alhali kuwa aku ma yana yin haka.

Mu duba abin da ya faru a Katsina. A 1933 Dokta East, shugaban ofishin fassara na Zariya, ya zaga garuruwa yana neman malamai su ƙago labari da Hausa. Ya sha wuya, domin malaman zamanin suna ganin littafi na ilmin addini ne, tatsuniya kuwa sai mata da yara. Cikin waɗanda suka amsa akwai wani saurayi mai shekara 22, wanda ya fito daga Kwalejin Katsina yana koyarwa a Makarantar Midil, shi ne Malam Abubakar Imam. Ya rubuta Ruwan Bagaja, wansa Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ya rubuta Shaihu Umar. A lura fa, Imam bai tsinci labarinsa a iska ba. Ya ɗebo daga hirar da ya ji a gida da littattafan Larabci da ya karanta, ya dama su da barkwancinsa har suka zama abu sabo. Sa'an nan ita ce ta zama masa sana'a: aka kira shi Zariya ya yi Magana Jari Ce, a 1939 kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Kada wani ya ce wannan sha'anin masu alƙalami ne kaɗai. Kowace yarinya ta san ruwan randa ya fi na kwano sanyi, amma Malam Muhammadu Bah Abba, wani malamin makaranta a Dutse ta Jigawa wanda ya tashi gidan maginan tukwane, shi ya tsaya ya yi tunani a kai. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan yana tsatsowa ta jikin babbar yana bin iska, yana tafiya da zafin ciki, sai gauta da tumatir su daɗe ba su ruɓe ba. A 2000 kamfanin Rolex ya ba shi lambar girma saboda wannan.

Wanda aka tura Batsari ko Safana cikinmu kada ya sa rai da kayan aiki masu yawa. Ɓarnar ɓarayin dajin Rugu ta sa an rufe makarantu da dama a shekarun nan, yaran da suka komo kuwa karatu ya yi musu nisa. Malami zai so ya yi ta ɗura musu hadda don su cim ma 'yan'uwansu, mu kuwa muna ganin gaggawar nan ita za ta kore su. Gara ya sayo tukwane biyu a kasuwar Batsari ran Alhamis, ya ajiye su gaban aji tare da yashi da ruwa da tumatir, ya ƙi faɗin kome. Su gwada a rana, su gwada a inuwa, su ƙirga kwanaki, kowa ya rubuta abin da ya gani da kalmominsa. In wani ya ce a gwada da toka maimakon yashi, a bar shi ya gwada, ko da malam ya san abin da zai fito.