Darasin Kimiyya: Abin da Ke Faruwa In Inji Ya Sha Ruwa

A makon jiya mun koyi sunayen kayan aiki, sufana da sukudireba da filaya da jak, har na ji wasunku sun fara kiran lambar sufana kamar tsofaffin kanikawa. Yau za mu leƙa cikin inji. Tambaya ɗaya za mu bi tun daga farko har ƙarshe: yaya aka yi ruwa, wannan da muke sha muke alwala da shi, yake iya lanƙwasa ƙarfen da ya fi babban yatsa kauri a cikin injin mota?

Da dalili na zaɓi wannan tambaya. Mu nan Miga a bakin fadama muke. Ruwan kogin Kano da ya wuce madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, da na kogin Challawa da ya wuce tasa madatsar ta 1992, su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗejia su gangaro mana. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ga kachalla ta toshe magudanai, don haka in damina ta yi nauyi wajen Agusta da Satumba sai ruwa ya hau hanya. Dukanku kun shaida ambaliyar da aka yi a 2020 da 2022. Duk wanda zai ci abinci da kanikanci a wannan yanki, daga nan har Auyo da Kafin Hausa, ba makawa wata rana za a jawo masa motar da ta mutu a tsakiyar ruwa.

Motar da za mu koya da ita

Tsohuwar Peugeot 504 ce, wadda iyayenku ke kira Fijo. A Faransa aka fara fito da ita a 1968, daga baya masana'antar Peugeot da aka buɗe a Kaduna a 1975 ta yi shekaru tana harhaɗa ta. Kada ku raina ta don fentinta ya koɗe. A ganina mai koyo ba shi da malamin da ya fi ta, domin komai nata a fili yake. Ga kafireta kana kallo, ga dilko, ga kwayil, ga wayoyin fulogi huɗu, kuma hannunka yana kaiwa ko'ina. Motar zamani kwamfuta ce ke auna mata mai da wuta, in ta yi gardama sai an jona mata na'ura kafin a san ciwonta. Ita kuwa wannan, ido da kunne da hanci sun isa.

Wanda babu mota a gidansu kada ya damu. Yawancin injinan ban-ruwa da kuke kai wa gonakin shinkafa da rani irin wannan aikin suke yi, sai dai tukunyarsu ɗaya ce, ta mota huɗu.

Bugu huɗu na inji

Ku kalli zanen da ke kan allo. Wannan rami mai kama da turmi shi ne silinda, ni tukunya nake ce masa. Abin da ke hawa da sauka a ciki kamar taɓarya shi ne fistan. A ƙasan fistan akwai wani ƙarfe mai kama da hannu, kanikawa suna ce masa kwanrod, shi ke haɗa fistan da karanshaf. Yadda ƙafarka ke hawa da sauka a kan feda amma tayar keke ta riƙa juyawa, haka fistan ke hawa da sauka karanshaf yana juyawa. A saman tukunya akwai ƙofofi biyu, bawul na shiga da bawul na fita, da fulogi a kusa da su.

Da farko fistan yana sauka, ƙofar shiga a buɗe, tukunya ta shaƙi iska gauraye da fetur. Sai ƙofofin biyu su rufe, fistan ya hau ya matse abin da aka shaƙa. Daga nan fulogi ya ba da tartsatsi, gaurayen ya kama da wuta, iskar da ta yi zafi ta kumbura ta tunkuɗa fistan ƙasa da ƙarfi. Wannan bugu na uku shi kaɗai ke ba da ƙarfi, sauran ukun hidima suke yi masa. A ƙarshe ƙofar fita ta buɗe, fistan ya hau ya kore hayaƙi zuwa salansa. Shaƙa, matsi, ƙonewa, fitarwa. Wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ne ya ƙera injin da ke aiki a kan wannan tsari a 1876, kuma har yau ba a bar shi ba.

In inji yana juyi 3,000 a minti ɗaya, kowace tukunya tana kama wuta sau 1,500, wato sau 25 a daƙiƙa guda. Ku riƙe wannan sauri a ranku, zai yi mana amfani nan gaba.

Mutane suna cewa mota mai take sha. Gaskiya ne, amma iskar da take sha ta fi man nesa ba kusa ba. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone sarai yana bukatar iska kilo 14.7. In aka mayar da lissafin zuwa lita, lita ɗaya ta fetur tana cin iska wajen lita 9,000, cikin duro 45 ke nan. Duk wannan iska ta bututu ɗaya take shiga, ta bi ta matatar iska. To, in bakin bututun nan ya nutse a ruwa, inji ba ya tantancewa. Abin da ya samu shi zai zuƙa.

Gwaji da sirinji

A nan nake so mu daɗe. Kowane rukuni ya ɗauki sirinji ɗaya, na cire alluran. Ku ja shi ya cika da iska, ku toshe bakin da babban yatsa, ku danna. Ya shiga? Ya shiga har rabi, wasunku ma sun wuce rabi, kuma da kuka sake shi ya dawo da kansa. Dalili shi ne ƙwayoyin iska a warwatse suke, akwai fili mai yawa a tsakaninsu, in aka matsa sai su matso kusa da juna. Robert Boyle ya bayyana wannan a 1662: in ka rage wa iska rabin wurinta, matsinta yana ninkawa biyu, muddin zafinta bai sauya ba.

Yanzu ku zuƙi ruwa, ku fitar da kumfa, ku toshe, ku danna. Kai mai ƙarfin nan na baya, danna da hannu biyu. Ko motsi bai yi ba. Ƙwayoyin ruwa dama a cunkushe suke, babu inda za su matsa. Kafin ka rage wa ruwa kashi ɗaya cikin ɗari na girmansa sai ka ɗora masa matsin da ya ninka na iskar da ke kanmu fiye da sau 200. Wannan taurin kai yana da ranarsa, domin da shi birki ke aiki: man birki ba ya matsuwa, shi ya sa in ka taka feda ƙarfin ƙafarka yake isa taya nan take. Amma a cikin tukunya masifa ce.

Mu yi lissafi. Injin lita 2 mai tukunya huɗu, kowane fistan yana share wajen mililita 500 in ya hau, daidai cikin ledar fiya-wata ɗaya. In injin yana matse iska kashi tara zuwa ɗaya, filin da ya rage a sama bayan fistan ya kai ƙarshe bai fi mililita 63 ba. Babban cokali huɗu ke nan da ɗan ɗoriya. Ruwan da ya wuce haka in ya shiga tukunya ɗaya, fistan zai taso da gudun nan da muka lissafa, ƙofofi a rufe, ya tarar da abin da ba ya matsuwa. Sauran tukwanen suna tura karanshaf, nauyin mota ma yana turawa. Dole wani abu ya ba da kai, kuma galibi kwanrod ne. Ya lanƙwashe, ko ya karye ya fasa gefen inji ya leƙo waje. Injin dizal, irin na tarakta da manyan motoci, ya fi shiga haɗari, saboda matsinsa ya kai ninki biyu, filin da ke samansa kuwa ya fi ƙanƙanta.

Ni da kaina na taɓa yin wannan ɓarna, lokacin ina yaron gareji. An jawo mana wata akori-kura da ta mutu a ruwa da lodin shinkafa, maigida ya tafi masallaci, direba yana ta matsa mini wai in ɗan gwada ko za ta tashi. Na murɗa makulli. Ƙara ɗaya na ji, ƙwas, sai shiru. Motar da aikinta bai wuce na yini ɗaya ba ta yi mako biyu a kwance, sai da aka je har Ƙofar Ruwa a Kano neman kwanrod. Abin da maigida ya faɗa mini ranar ba na cikin aji ba ne.

Yadda ake karɓar motar da ta sha ruwa

Doka ta farko, kada a taɓa makulli, kada kuma a tura ta a giya wai ko za ta kama. In injin ban-ruwa ne ya nutse a fadama, kada a ja igiya. Sau da yawa inji yakan mutu da kansa kafin ya yi ɓarna, musamman in a hankali ake tafiya, sai gaggawar mutane ta ƙarasa shi.

Ka fara da cire kan batir, na nagatif tukuna, domin in sufanarka ta taɓa jikin mota ba za ta yi tartsatsi ba. Sannan ka buɗe matatar iska. In ka same ta a jiƙe, ka ɗauka ruwa ya kai tukunya. Ka zaro sandar auna baƙin mai ka duba. In man ya haura alama, ko ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi.

Daga nan ka kwance fulogi dukansu huɗu, amma ka yi wa wayoyin alama kafin ka zare, domin wuta bi da bi take zuwa, a yawancin injina masu tukunya huɗu 1, 3, 4, 2, kuma in ka rikita su ka ƙara wa kanka aiki. Cire fulogi shi ne kamar ɗage yatsa daga bakin sirinji: ruwa ya sami hanya. Sai ka sa sufana a kan notin karanshaf ka juya inji da hannu a hankali, zagaye biyu cikakku. In ya cije a wani wuri, ka tsaya, sai an buɗe kan inji. In ya juya lafiya, ka cire wayar da ke kai wa kwayil wuta, ka mayar da batir, ka ba shi kik na 'yan daƙiƙu. Ka kauce daga saitin ramukan, ruwa zai yi tsiri kamar an taka tiyo. In ya daina fita, ka ɗiga baƙin mai kaɗan a kowane rami, domin ƙarfe da ruwa da iska in suka kwana tare tsatsa suke haifarwa, kuma bangon tukunya ba ya jure ta.

Sauran aikin tsiyayewa ne. A zubar da baƙin mai a sauya matatarsa, bayan inji ya yi ɗan aiki a sake sauyawa. Tankin fetur ma a tsiyaye shi. Litar ruwa kilo ɗaya ce, ta fetur kuwa wajen kashi uku cikin huɗu na kilo, saboda haka ruwa ƙasa yake kwantawa, daidai inda famfon mai ke zuƙa. Ku zuba kaɗan a kwalba ku gani, za su rabu gida biyu. Haka za a yi wa ƙaramin kwanon da ke cikin kafireta. A buɗe murfin dilko a goge shi ya bushe ƙayau, don laima kaɗan ta isa ta sace wutar da ya kamata ta je fulogi. Man giya da na difa da na birki duk a duba su. Laka kuma da ta maƙale a ƙarƙashin mota da cikin ƙofofi a wanke ta, domin ita ke riƙe danshi har ƙasan mota ya rube, aiki ya koma hannun fanabita.

Ga wasu abubuwa da ba na so in ji an yi. Zuƙar fetur da baki, wanda na san da yawanku kun iya, in ya sarƙe ka ya shiga huhu yana iya kisa. Shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kawai ba tare da an tokare ta da wani abu mai ƙarfi ba. Da kuma tayar da inji a rufaffen ɗaki, don hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da kala.

Tambayoyi da aikin gida

Ku rubuta. Na ɗaya, a cikin bugu huɗu wanne ne ruwa ke yi wa inji ɓarna, kuma me ya sa ba a sauran ba? Na biyu, injin ban-ruwa mai tukunya ɗaya yana share mililita 160, matsinsa tara zuwa ɗaya. Ku lissafa filin da ya rage a samansa, ku gaya mini cokali nawa ne. Na uku, kowa ya sami wata mota ko babur ko injin ban-ruwa a unguwarsu, da izinin mai shi, ya nemo bakin bututun iska, ya auna tsayinsa daga ƙasa da igiya, ya kawo mini igiyar.

Mako mai zuwa za mu kwance kafireta. Kowa ya zo da tsumma da tsohon kwano, kuma kada wanda ya sa fararen kaya.